Kwalin Ƙarin Girma Muke Nema, Ko Ilimin Da Zai Kwance Yaran Da Muka Ɗaure?

Jama'a, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Wanda ke sauri ya ajiye shi, ya dawo da daddare ya karanta a natse.

Duk shekara idan aka fara sayar da fom ɗin karatun gaba da digiri, ma'aikatan Jigawa sai mu tashi tsaye. Sakatariya ta ɗauka, ofisoshin ƙananan hukumomi su ɗauka, ɗakunan malamai su ɗauka. Wannan zai yi babbar difloma a harkar gudanarwa, wancan zai yi mastas a sha'anin mulki, wani kuma harkar kasuwanci. Ranar Juma'a da yamma ko Asabar da sassafe ka leƙa tasha, za ka ga motocin Kano cike da magidanta riƙe da jakunkuna, an nufi lakca. Ban ga laifin kowa ba. Neman ilimi ne, kuma ƙarin girma haƙƙin ma'aikaci ne. Tambayata ɗaya ce tak. A cikin wannan taron namu, mutum nawa ne ke karanta abin da zai sa ya iya zama da yaron da ya shekara shida bai furta kalma ba, yana buga kansa da bango, ya koya masa yadda zai nuna yana jin ƙishirwa?

Kada wani ya ce min irin waɗannan yaran a Turai suke. Suna Takur, suna Yalwawa, suna Fagoji, suna ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Ba ka ganinsu ne saboda ana shigar da su ɗaki idan an yi baƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da larurar da likitoci ke kira otizim. Wannan larura ɗaya ke nan. Ba a lissafa yaran da shawarar jarirai ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ba, da waɗanda suka wahala wajen haihuwa, da waɗanda sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai ya bar musu tabo. Waɗannan cututtukan namu ne na gida, kowa ya san su. To mu me muka tanada? Sunaye. Galahanga, dolo, ɗan ruwa, shafar iska, mai taurin kai. Kalmar galahanga kaɗai mun loda mata larurori iri-iri waɗanda ba su da haɗi da juna, kowanne da irin kulawar da yake buƙata.

Ku tuna watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, wasu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka sake ganin irin haka a Daura da Katsina. A Nuwamban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda ake ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a sassan Najeriya. Muka yi ta Allah wadai a nan Facebook na mako biyu, muka wuce. Ban ce duk waɗanda aka fito da su masu otizim ne ba, da yawa shaye-shaye ne ya kai su, wasu kuma an ce kangara. Abin da nake so a lura da shi shi ne, yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Uban da ya ɗauki ɗansa ya kai gidan mari ba lallai mugu ba ne. Mutum ne da ya gaji, ya duba gabas da yamma bai ga ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. An rufe waɗancan gidajen, madalla. Wace ƙofa aka buɗe a madadinsu?

Akwai wani fannin ilimi da Turawa ke taƙaita sunansa da ABA, wato nazarin ɗabi'a a aikace. Tushensa binciken wani masani ne ɗan Amurka, B. F. Skinner, wanda ya fitar da littafinsa na farko a kan lamarin a 1938. A 1968 masana a Jami'ar Kansas, irin su Donald Baer da Montrose Wolf da Todd Risley, suka tsara shi a matsayin fanni mai cin gashin kansa, mai mujallarsa. Ginshiƙinsa kowace uwa ta san shi ko da ba ta taɓa shiga aji ba: duk abin da mutum ya yi ya samu biyan buƙata, zai sake yi. Yaro ya yi birgima a gaban mai kanti, uwa ta ji kunyar mutane ta saya masa biskit. Gobe ma zai yi birgimar, kuma ba don shi shaiɗani ne ba. An koya masa ne cewa birgima kuɗi ce.

Abin da ya raba mai wannan ilimin da mu 'yan kallo shi ne, shi ba ya fara da hukunci. Biro da takarda yake ɗauka. Zai rubuta me ya faru kafin yaron ya yi abin, me ya yi daidai, me ya biyo baya. Zai ƙirga sau nawa ya ciji hannunsa daga shiga aji zuwa lokacin tara, kwana biyar a jere. Daga nan yake gano amfanin da yaron ke samu. Masana fannin sun kasa shi gida huɗu: ko dai yana neman a kula shi, ko yana gudun wani abu da ya yi masa nauyi, ko yana son wani abu a hannunsa, ko kuma abin da kansa yana yi wa jikinsa daɗi ko yana rage masa wani raɗaɗi. Brian Iwata da abokan aikinsa ne suka nuna a 1982 yadda ake gwada wannan a tsanake a kan yaran da ke raunata kansu.

Ɗauki misali. Yaro ɗan aji biyu, duk lokacin da aka ce a fito da littafin rubutu sai ya fasa ihu ya kifar da benci. Malam ya fusata ya kore shi waje. A ganin malam ya hukunta shi. A wajen yaron kuwa an biya shi ne, domin rubutun yake gudu, kuma ihu ya cece shi. Idan kuma yaron mai neman a kula shi ne, wanda ba a kiran sunansa sai ya yi laifi, to tsawar ma kulawa ce, dukan ma kulawa ne. Shi ya sa za ka ji malami yana rantsuwa cewa kullum sai ya zane yaron nan amma kamar zuga shi yake. Gaskiya ya faɗa, zuga shi yake.

Mai ilimin zai rage wa yaron nauyin rubutun zuwa layi ɗaya, ya ba shi wani kati ko wata alama ta hannu mai nufin ina son hutu, kuma duk lokacin da ya ɗaga katin a ba shi hutun nan take. Idan katin ya fi ihu saurin biyan buƙata, ihun zai ragu da kansa. Sannan a hankali a ƙara yawan layukan. Edward Carr da Mark Durand sun wallafa wannan dabara tun 1985. Haka ake koyar da zuwa makewayi, da sa riga, da wanke hannu, da cin abinci: a yanka aikin ƙanana-ƙanana, a taimaka a matakin da ya gagara, a ba da tukuici da zarar an yi daidai, a janye taimakon sannu a hankali. Kafin duk wannan kuma, wanda aka horar da kyau zai ce a kai yaron asibiti a duba kunnensa da haƙoransa da cikinsa, a tabbatar ba farfaɗiya ba ce. Yaron da ba ya magana, idan haƙori na cinsa, da me zai faɗa maka in ba da duka da cizo ba?

Yanzu bari in taɓo waɗanda na yi rubutun dominsu.

Na farko, masu taron bita. Mun mayar da horar da ma'aikata bikin kwana uku a otal: jaka, biro, shinkafa da kaza, alawus, hoto a bakin ƙofa, sai satifiket. Ranar Litinin kowa ya koma inda ya fito, yaron yana nan yana buga kai. Wallahi wannan ilimin ba ya shiga ta kunne kaɗai. Kamar ɗinki ne ko tuƙin mota, sai gwani ya tsaya a kanka yana cewa a'a, ka yi saurin ba shi, a'a, ka makara. Ku dubi yadda masu abin suka tsara shi. A Amurka akwai hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewa a fannin, BACB, wadda aka kafa a 1998. Kafin ta kira mutum cikakken ƙwararre sai yana da digiri na biyu, ya yi awa 315 na darussan fannin, ya yi awa 2,000 yana aiki da mutane a ƙarƙashin idon gwani, ko awa 1,500 idan sa idon ya fi tsanani, sannan ya ci jarrabawa. Ƙaramin mataimaki ma, wanda horonsa awa 40 ne, ba a yarda ya yi aiki shi kaɗai ba, dole akwai wanda ke duba shi. Mu kuma kwana uku da farantin shinkafa, mutum ya fito yana kiran kansa masani.

Na biyu, 'yan kasuwar satifiket na intanet. Tallansu ya fara yawo a wayoyinmu: zama ƙwararren mai gyaran ɗabi'a cikin mako kaza, biya yanzu. Malamar firamare mai son taimaka wa yara, wadda albashinta bai yi wa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 nisa ba, ta ci bashi ta biya. Ga abin da ba a faɗa mata ba. Tun daga 1 ga Janairun 2023 waccan hukumar ta Amurka ta daina karɓar sabbin masu neman shaidarta daga mafi yawan ƙasashen duniya, har da Najeriya. Duk wanda ya ce zai ba ka wannan shaidar kana zaune a Dutse, ka riƙe aljihunka. Akwai wasu hukumomin da ke karɓar 'yan ƙasashen waje, irin su IBAO da QABA, amma su ma suna neman awoyin aiki a gaban mai sa ido. Saboda haka kafin ka tura ko sisi, yi tambaya huɗu. Wace hukuma ce ta amince da kwas ɗin? Wane ne zai duba aikina da yaro na gaske, kuma awa nawa? Shi mai duba ni ɗin, mece ce shaidarsa, a ina zan tantance ta? Kuma takardar da za ku ba ni, ta halartar darasi ce ko ta ƙwarewa? Idan aka fara yi maka kwana-kwana, ka samu amsarka.

Na uku, masu ɗaukar ABA kamar wani maganin gargajiya mai warkar da cuta 99. Ba ya warkar da otizim, kuma tarihinsa yana da datti. Binciken da ya yi masa suna shi ne na Ivar Lovaas a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjelis a 1987. Yara 19 aka yi wa horon awa 40 a mako na tsawon shekara biyu ko fiye, aka ce 9 daga cikinsu sun bi sahun sauran yara a makaranta. Amma ba a raba yaran rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a ba kamar yadda ƙa'idar bincike ta tanada, kuma a cikin horon akwai tsawa da mari a cinya. Binciken da ya biyo baya ya nuna ana samun ci gaba a wajen yara da yawa, amma ba kowa ba, kuma ba kamar yadda aka yi ta kururutawa ba. A yau manya masu otizim da yawa a Amurka da Ingila suna sukar irin horon da aka yi musu suna yara: an tilasta musu kallon ido, an hana su kaɗa hannu wanda shi ke kwantar musu da hankali, an koya musu bin umarni ko da suna cikin azaba. Akwai ma wata cibiya a jihar Masacusets, Judge Rotenberg, da ta daɗe tana amfani da jan wutar lantarki a jikin masu larura. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta na'urar a 2020, kotu ta soke haramcin a 2021.

Wani zai ce, to tunda haka ne me ya sa kake kiran a kawo shi? Saboda wannan tarihin shi ne babbar hujjata ta cewa a koyar da shi da zurfi ko a bar shi. Mu da bulala ta riga ta zama kayan aikin aji kamar alli, ka ba mutum rabin wannan ilimin, ai ka ba shi sabon sunan da zai kira duka da shi ne kawai. Zai hana yaro abinci ya ce tsarin tukuici ne. Zai kulle shi a ɗaki ya ce dabara ce. Cikakken horo shi ne wanda ke koya wa ɗalibi cewa ba a taɓa hana yaro abinci ko ruwa, ba a duka, ba a fara komai sai da yardar iyaye, kuma idan yaro ya nuna ba ya so, wannan ma magana ce da za a saurara. Shi ne kuma ke koya masa ya tambayi kansa: wannan halin da nake son canzawa, yana cutar da yaron ne, ko ni ne kawai yake ba wa kunya a gaban mutane? Yaron da ke kaɗa hannu bai cuci kowa ba. Yaron da ke faɗawa titi, ko yake ƙwaƙule idonsa, shi ne ke buƙatarka.

Sai kuma batun da ya sa nake cewa dole a yi karatun a nan gida, da Hausa a bakin masu yinsa. Takardun tantancewar da ake kwasowa daga waje suna tambaya ko yaro yana kallon idon babba idan ana yi masa magana. A gidajenmu yaron da ya tsura wa babba ido ai rashin kunya ya yi, tun yana ƙarami ake hana shi. Suna tambayar uwa ko yana juyowa idan ta kira sunansa. Uwar da ke kunyar ɗan fari ba ta ma kiran sunan nasa, sai ka san wa za ka tambaya a gidan, ko da wane laƙabi ake kiransa. Littafin waje zai koya maka matakan cin abinci da cokali mai yatsu da hawa masai na zama. Yaronmu hannu zai sa a kwanon tuwo tare da 'yan uwansa, kuma buta zai ɗauka. Littafin yana ɗauka uwa ce da uba da ɗa a gida. Namu gidan akwai kaka, akwai abokiyar zama, akwai yayye da ƙanne goma. Idan uwa ta daure ta ƙi ba da biskit don birgima, kaka ta fito ta ce haba, ku ba shi mana, aikin wata guda ya rushe. Wanda zai zauna da wannan kakar ya fahimtar da ita cikin ladabi, sai ɗan gida.

Awa 40 a mako da ƙwararre ɗaya a kan yaro ɗaya kuwa, ko a mafarki ba namu ba ne. Hanyar da ta dace da mu ita ce a horar da ma'aikaci, shi kuma ya horar da iyaye da malaman aji. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani shiri na koya wa iyayen yara masu jinkirin girma dabarun wasa da sadarwa da ayyukan yau da kullum, wanda aka tsara domin ma'aikatan da ba likitoci ba su iya gudanar da shi, kuma an gwada shi a Habasha da Kenya. Ga malamin da ke fama da yara 100 a aji ma akwai rabonsa. Tun 1969 aka gwada wata dabara a Kansas inda ake raba aji ƙungiya-ƙungiya, ana ƙirga karya doka a allo, ƙungiyar da ta kiyaye ta samu tukuici. Ba ta buƙatar wuta, ba ta buƙatar kwamfuta. Alli ne da allo.

Na san masu cewa ba wannan ce damuwarmu ba yanzu. Ga yara a titi ba makaranta, ga tamowa, ga ambaliya duk damina a yankin Haɗeja da Ringim. Duk gaskiya ne. Amma su wane ne suka fi daɗewa a wajen makaranta in ba waɗannan yaran ba? Hedimasta ya ce a mayar da shi gida yana damun aji, shi ke nan an rufe babinsa. Uwarsa ba ta zuwa biki, ba ta zuwa kasuwa, ba ta iya sana'a. Yayarsa ta bar makaranta domin ta yi tsaronsa. Dangin miji suna cewa daga wajenta aka kwaso. Aure nawa ya mutu a kan haka? Sannan doka ma ba ta ce sai mun gama da ambaliya ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi. Jigawa kuma ba baƙuwa ba ce a wannan fagen, domin tun 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu alawus na naira 7,000 a wata, abin da aka yi ta misali da shi a ƙasar nan. Alawus yana sayen hatsi. Ba ya koya wa yaro cewa Umma, ruwa.

Masu cewa aljanu ne kuma, ba na jayayya da kowa a kan addu'a. Ku yi, mu ma muna yi. Amma wanda ya karye ana yi masa addu'a kuma ana kai shi wajen ɗori. Masu cewa allurar rigakafi ce ke kawo otizim, ku sani takardar da ta haifar da wannan jita-jitar, ta Andrew Wakefield ta 1998, mujallar Lancet da ta buga ta ta janye ta a 2010, kuma an soke lasisinsa na likita a Ingila. Mu da muka ga abin da ƙauracewa rigakafin shan inna ta 2003 ta jawo, bai kamata a sake yi mana wannan wasan ba.

To me nake nema? Ba sabon gini ba, ba sabuwar hukuma mai shugaba da motoci ba. Muna da Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011. Muna da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Muna da Kwalejin Ilimi ta Gumel. Ga Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ga asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure. A maƙwabta ga Jami'ar Bayero mai sashen ilimin masu buƙata ta musamman, ga Jos, ga kwalejin tarayya ta Oyo da aka keɓe domin wannan fannin. Ɗaya daga cikin jami'o'in nan biyu ta haɗa kai da waɗannan ta buɗe babbar difloma ta ma'aikata a kan nazarin ɗabi'a da tarbiyyar yara masu larurar girma. Darasi a ƙarshen mako da lokacin dogon hutu, aikin gwaji kuma a wurin aikin mutum.

Me ya sa ma'aikata? Domin suna kan albashi tuni, ba sai an ɗauki sababbi ba. Suna zaune a garuruwan, iyaye sun san su. Malamar da ta shekara goma a aji ta riga ta ga yaran, sunan abin ne da dabarar kawai ba ta da su. Ma'aikaciyar jinya ko ta lafiya matakin farko da ke awon jarirai ita ce ta farko da za ta ji uwa ta ce har yanzu bai fara magana ba. Jami'in walwala shi ake kira idan an samu yaro a ɗaure. Ƙananan hukumominmu 27 ne. A ɗauki mutum biyu daga kowacce, ɗaya daga ilimi ɗaya daga lafiya, mutum 54 ke nan a zubin farko. Aƙalla rabinsu su zama mata, domin mace ce za ta shiga cikin gida ta zauna da uwar yaro.

Sharuɗɗan su ne za su raba shi da sauran kwalaye. Kada a yaye kowa da jarrabawar takarda kaɗai. Ya kawo fayil na yaran da ya yi aiki da su, da ƙidayar kafin da ta bayan, kuma wani gwani ya gan shi yana aikin, ko ido da ido ko ta bidiyon waya da izinin iyaye. A farko za a ɗauko masu sa idon daga waje, daga Legas ko Abuja ko 'yan Najeriya da ke ƙetare. A lokaci guda jihar da ta iya tura ɗalibai karatun likita zuwa Sin da Sudan da Saifurus za ta iya tura malaman jami'a biyar su ƙware a wannan, da yarjejeniyar dawowa. A rubuta kayan horar da iyaye da Hausa, da hotunan buta da tabarma da kwanon sha. Kuma don Allah, wanda ya gama kada a mayar da shi ofishin lissafi ko a ba shi rajistar ma'aikata ya riƙe. Mun sha ganin an kashe kuɗi an horar da mutum, wata uku a yi masa canjin wurin aiki zuwa inda ilimin ba shi da amfani. A ba shi ɗaki ɗaya a babbar firamaren garin, da rana ɗaya a mako a asibiti, da matakin albashin da zai hana shi guduwa.

Ku 'yan uwana ma'aikata masu shirin cike fom bana, ban ce kowa ya bar abin da yake so ba. Amma jami'a kasuwa take dubawa. Kwas ɗin da mutum 200 suka nema shi ake buɗewa. Idan malamai da ma'aikatan jinya 50 suka sa hannu a takarda ɗaya suka kai makarantar karatun gaba da digiri, suka kai kwafi hukumar SUBEB da ma'aikatar lafiya da kwamitin ilimi na majalisar jiha, za a saurara. Ƙungiyar malamai da ta ma'aikatan jinya, wannan ma aikinku ne, ba batun albashi kaɗai ba.

Ku kuma iyaye, musamman uwayen da ke karanta wannan a ɓoye suna share hawaye, ba ku kuka jawo ba. Kafin a samu abin da muke nema, ku kai yaron asibiti a duba jinsa da lafiyarsa. Ku fara lura da abin da ke faruwa kafin ya birkice da abin da yake samu bayan haka. Ku zaɓi abu ɗaya da yake so ƙwarai, ku koya masa hanya mai sauƙi ta roƙonsa, ko da nuni ne da yatsa, kuma ku ba shi nan take idan ya yi. Duk wanda ya ce ku kawo shi a ɗaure, ko a bar shi da yunwa, ko ya yi muku alkawarin warkewa cikin wata ɗaya, ku tashi ku bar wajen.

Ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin otizim. Za mu ga riguna da hotuna da jawabai kamar kullum. Ni abin da nake so in gani kafin ta sake zagayowa shi ne tallan fom na wannan kwas ɗin, da sunayen ma'aikata 54 da jiha ta ɗauki nauyinsu. Wanda ya san ɗan majalisarsa ko shugaban ƙaramar hukumarsa ko wani malamin jami'a, ya tura masa wannan rubutun. Wanda ke da ja kuma, bismillah, ya kawo hujja mu tattauna.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba iyayen waɗannan yara juriya da mataimaka.

Daga Dutse, Jihar Jigawa.